KATAKON DA KE BAYAN ƘOFA

Shafi na 23

Masu turo mini "shiru muke ji" tun kafin in karya kumallo, ku bar wayata ta huta. Wuta ce aka ɗauke mana, ba mutuwa na yi ba. Ga shafinku.

Inusa ko hular Juma'a bai cire ba ya jawo 'yar sabuwar kujerar nan mai shuɗin fenti ya zauna a tsakar gida. Tun da aka kawo wa matarsa Lantana ita kyauta ya ƙwace ta, wai ɗan kwarmin da ke tsakiyarta ya yi daidai da zamansa. Lantana ta dire masa kwanon dambu ta koma madafa.

Wayarsa sai tsuwa take yi a aljihu. Ya san ko mene ne. Ranar Juma'a ce 'yan guruf ɗin Masu Zarto na Jibiya suke turo hoton aikin da kowa ya yi a mako. Shi ya buɗe guruf ɗin, shi ne shugaba, kuma kaf cikinsu babu kafinta ko ɗaya. Shi malamin firamare ne a Riko, akwai direba, akwai mai awon gero, akwai ma'aikacin asibiti. Sha'awa ce kawai ta haɗa su, sai ɓarnar ƙusa da hana matan aure barcin rana.

Ya kai loma, ya shiga dubawa.

Mai awon gero ya turo kantar takalma da ta karkace gefe guda, ya ɗora da albishir ɗin akuyarsa ta haifi tagwaye. Ma'aikacin asibiti bai turo aiki ba, yatsansa ya turo naɗe da bandeji. Inusa ya ja tsaki ya wuce.

Sai ga na Kalilu, direban nan ɗan Maraɗi. Tebur ne dogo, ja-wur, yana sheƙi. A ƙasa ya rubuta:

"Aikin wanga sati. Tebur na madam ɗina Na'ima. Yau ta hwara saida abinci bisanshi bakin iyaka. Ku sa albarka."

Yabo ya ɓarke. Har Rabe, ɗan goggon Inusa kuma abokin wasansa, wanda bai taɓa yabon aikin kowa ba, ya rubuta tun da safe: "Kai! Ina nan tahe in ci shinkahwa bisa wanga tebur."

Inusa ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton don ya ga yadda aka haɗa ƙafafun, ko ya samu abin kushewa.

Dambun ya tsaya masa a wuya.

A gefen teburin akwai wata 'yar siririyar hanya da aka sassaƙa, ta bi tsawonsa har ƙarshe. Kusa da kusurwa kuma ga wani baƙin tabo na ƙunar fitila. Inusa ya san tabon nan tun yana yaro, don shi ya kifar da fitilar, shi ya sha dukan.

Ya miƙe, kwano ya kife, kaji suka samu rabonsu. Da gudu ya faɗa zaure, inda ya mayar wurin aikinsa, ya ɗaga kai sama wajen azara.

Babu komai sai saƙar gizo.

A nan katakon yake kwance shekara da shekaru. Marigayi mahaifinsa ne ya sassaƙa shi da gizago daga icen maɗaci, don wankan gawa. Duk wanda ya rasu a unguwar, namiji ko mace, a kansa ake yi masa wanka, hanyar gefen nan kuwa ta ruwa ce. A kansa aka wanke shi kansa tsohon. Bai bar wa Inusa gona ba, bai bar masa shanu ba, katakon nan ya bar masa ya ce amana ce.

"Lantana!"

Shiru.

"Lantana!!"

Ta fito tana goge hannu da gefen zani. "Baban Nafisa, lahiya? Kira kamar gida ya kama da wuta?"

"Ina katakon Baba?"

Ta kalli sama, ta kalli ƙasa.

"Tambayarki nake. Ina yake?"

"Ai na sauke shi."

"Kin me?"

"Na sauke shi. Ranar ruwan nan mai iska rufin ya yi yoyo daidai kanshi. Na kira maƙwabciya ta kama mini muka jingine shi bayan ƙohwa."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Na hwaɗa maka."

"Yaushe?"

"Kana duƙe kana goge ƙahwar kujera da samfefa. Na ce na sauke katakon Baba, ka ce mini 'uhm'."

Gaskiya ce, in yana gugar katako ko cewa aka yi an sace babur ɗinsa 'uhm' zai ce. Wannan ne ya ƙara ƙular da shi.

"Bayan ƙofa kika ce?"

"Bayan ƙohwa."

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. 'Yan guruf suna da al'ada, duk ƙarshen wata kowa ya share wurin aikinsa ya bayar da guntayen katako kyauta ga mai so. Shi da bakinsa ya tura saƙon murya ya ce duk abin da ke bayan ƙofar zaurensa a zo a kwasa, ko ba ya nan. Guntayen da ya tara yake nufi. Ko leƙawa bai yi ba kafin ya yi maganar.

"Kalilu ya zo ina makaranta," ya ce a hankali. "Kina nan?"

"Ina nan."

"Kin gan shi ya ɗauka?"

"Na gan shi ta labule. Ya ɗaura shi bisa amalanke."

"Kuma kika yi shiru?"

Lantana ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

"Na yi shiru. Har hamdala na yi."

"Hamdala? Lantana, kanki ɗaya kuwa?"

"Kaina ɗaya. Tun da na tare gidan nan ƙarƙashinshi nake wucewa, sahe da yamma. Ƙanwata ta daina kwana gidan nan sabili da shi. Ranar da na kwanta ciwo bayan haihuwar Nafisa, duk wadda ta shigo dubiya sai ta ɗaga kai ta kalle shi kahin ta zo ta kalle ni. Ina jin su suna salati tun daga zaure. Kai ka taɓa tambayata yadda nake ji? Kai dai zarto, kai dai guduma, kai dai hoton Juma'a."

Ya ji tausayinta, ya kuma ji kamar ya haɗa kansa da bango.

"To bari ki ji. Tebur ya yi da shi. Abinci ake sayarwa a kai yanzu haka."

"Innalillahi!"

"Kuma da na je duba Goggo Hajjo, kin san abin da ta ce mini?"

Kun dai tuna Goggo Hajjo, ƙanwar mahaifinsa, uwar Rabe, wadda jiki ya yi wa tsanani tun farkon damina. Ta riƙe hannun Inusa da 'yan yatsunta da suka zama kamar kara, ta ce ba ta roƙonsa komai sai abu guda. A kan katakon yayanta aka wanke uwarta, a kansa aka wanke mijinta, Rabe na zuba ruwa. Ita ma a kansa take so. Inusa ya ce mata ta kwantar da hankalinta, katako yana nan lafiya lau. Har rantsuwa ya yi.

Lantana ta dafe ƙirji. "Ba ka hwaɗa mini ba."

"Na faɗa miki!"

"Yaushe?"

Ya tsaya tunani. Bai faɗa ba. Ya ja tsaki ya fizgi makullin babur.

Hanyar bakin iyaka a cushe take kamar kullum. Manyan motoci sun yi layi shaƙe da buhuna, 'yan acaba na kutsawa ta ko'ina, 'yan dako na ihu a ba su hanya, ga caɓi ya cika ramuka. Wani ya watsa masa ruwan kwata a farar shaddarsa ta Juma'a, ko waiwaye bai yi ba.

Tun daga nesa ya hango teburin a rumfar Na'ima. Direbobi sun kewaye shi a kan benci, kowa da farantinsa, ana ta hira ana suɗe hannu. Wani har ya kifa kai a kai yana gyangyaɗi.

"Mushe!" Kalilu ya taso da hannu biyu a buɗe, haka yake kiransa, irin yadda suke kiran malamin makaranta a can Maraɗi. "Shugaba da kanshi! Na san za ka zo. Hoto bai nuna komi ba, zo ka taɓa ka ji."

"Kalilu, zo mu ɗan keɓe."

"Tsaya ka gani tukun. Wanga katako, Mushe, ƙarhe ne. Haƙoran zarto biyu ya cinye mini. Tsohon maɗaci, ba irin ɗanyen da ake saida muna yanzu ba. Ban san kana ɓoye irin wanga dukiya cikin shara ba."

"Na ce zo."

"Dubi nan." Ya bi 'yar hanyar gefen da yatsa. "Wanda ya yi wagga hanya mai basira ne. In miya ta zube ko ruwan wanke hannu, sai su bi nan su sauka cikin bokiti. Ba mai jiƙa wando. Madam ta ce ba ta taɓa ganin tebur mai hankali haka ba."

Inusa ya damƙi hannun rigarsa ya ja shi bayan wata babbar mota.

"Mushe, mi ya hwaru? Za ka yaga mini riga."

"Ka san katakon me ka ɗauka?"

"Katakon bayan ƙohwa."

"Na wankan gawa ne."

Kalilu ya yi dariya. Ya ga fuskar Inusa, dariyar ta tsaya.

"Wace gawa?"

"Duk gawar unguwarmu. Har ta ubana."

Kalilu ya duƙa ya tofar da yawu. Ya sake tofarwa. Ya zaro harshe yana gogewa da hular kansa.

"La'ilaha illallahu! Ni na hwara ci bisanshi! Har ƙwarar shinkahwa ta hwaɗi na tsince na kai baki!"

"Kai ba ka da ido ne? Ka ga katako mai tsawon mutum, da hanyar ruwa, da wurin kai, ka ce guntu ne?"

"Yo ina zan sani? Mu ƙauyenmu ƙyauren ɗaki ake cirewa a yi wanka bisa, a maida shi. Ban taɓa ganin an aje katako musamman ba. Kuma kai ka ce a kwasa."

"Guntaye na ce!"

"Ba ka ce guntaye ba."

"Na ce!"

Kalilu ya zaro waya ya latsa. Sai ga muryar Inusa, cike da fara'a, har da 'yar dariya: "Jama'a, duk abin da ke bayan ƙofar zaurena halal ne, a zo a kwashe tas, ko ba na nan. Wanda ya riga ya riga."

Babu abin da ya kai jin muryarka ciwo a lokacin da take ba da shaida a kanka. Inusa ya runtse ido.

"Kashe."

"Ka ji ko? 'Tas' ka ce."

"Na ce ka kashe! Je ka ɗauko guduma. Yanzun nan za mu cire ƙafafun in tafi da shi. Banish ɗin da ka shafa zan kankare, ramukan ƙusa zan toshe. Babu wanda zai sani."

Kalilu bai motsa ba. Sai sosa ƙeya yake.

"Me kuma?"

"Mushe... ya yi ma rumhwa tsawo."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai na ɗan rage."

"Ka rage? Ka sa wa katakon Baba zarto?"

"Kaɗan ne. Wajen kan nan mai ɗan kwarmi. Ai ba a aje hwaranti bisa kwarmi."

Inusa ya jingina da tayar motar. Katakon da aka yanke wa wajen kai, ina za a kwantar da babban mutum a kai?

"Ina guntun? Kada ka ce mini ta hura wuta da shi."

"A'a, walla yana nan. Ni ba na ɓarna. Kujera na yi da shi, na shahwa mata shuɗin henti."

"Tana ina?"

"Gidanka."

"Gida...na?"

"Tukuici. Na ba Na'ima ta kai ma madam ɗinka. Ba ka gan ta ba? 'Yar ƙarama, mai daɗin zama."

Inusa ya tuna kwarmin da yake ta yabo, wanda ya yi daidai da zamansa. A nan aka ɗora kan mahaifinsa. Shi kuma kullum a kai yake bajewa yana cin dambu yana duba hotunan Juma'a. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi lokaci guda, ya rasa wa zai zaga, Kalilu, ko Lantana, ko bakinsa.

"Wa kuka ce an wanke bisa teburina?"

Suka juya a tare. Na'ima ce tsaye, ludayi a hannu, miya na ɗiga. Allah kaɗai ya san tun yaushe take wurin.

"Madam, ba komi, maganar guruf ce..."

"Rufe mini baki, Kalilu! Na ji komi." Ta juya ga Inusa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Malam, ka ji tsoron Allah. Ka ga mutanen can? In ɗaya cikinsu ya ji, kahin magariba labari ya kai Maraɗi. Direba da baki! Ba mai sake cin abincina har in mutu. Za su ce Na'ima mai tuwon gawa."

"Ni ma amana ce a wuyana, Na'ima."

"Amanar ce ka jingine bayan ƙohwa ka yi shela?"

Wannan ta same shi.

"Kai kuma," ta nuna mijinta da ludayi, "sau nawa na ce ka je wurin kahinta na gaskiya ka sayo mini tebur? Ka ce a'a, sai ka yi da hannunka, sai 'yan guruf sun gani. To sun gani!"

"Yanzu dai ba lokacin wannan ba ne," in ji Inusa. "Ku sallame su in ɗauki abina."

"In sallame su in ce mi? In ɗage musu hwaranti suna cikin ci? Ba mai taɓa teburin nan sai tukunya ta ƙare kowa ya watse. Sa'annan ku kwashe tsiyarku, ku da zartonku."

Inusa ya dubi rana, ya dubi tukunyar da ko rabi ba ta yi ba. Ya shiga lissafi a ransa. In an watse zai cire ƙafafun, ya je gida ya kankare fentin kujera, ya haɗa biyun da gam da turaku ta ƙasa. Zai ɗauke shi kwanaki, amma zai yiwu. Goggo Hajjo ai jiya har kunu aka ce ta sha.

"Shi ke nan," ya ce. "Zan jira."

Suka zagayo rumfar, kowa na ƙoƙarin gyara fuska. Kalilu ya tsaya nesa da teburin kamar zai cije shi.

Sai ga babur ya tsaya da ƙarfi har caɓi ya fallatsa.

Rabe ne. Babu hula, takalminsa ma wari da wari. Da a ce kullum ne, tun daga nesa zai fara tsokanar Inusa, ya kira shi kafintan gangan. Yau ko sallama bai iya yi ba.

Na'ima ta yi ƙarfin hali. "Rabe, ka cika alkawari. In zuba maka?"

Bai ko kalle ta ba. Ya tako har gaban Inusa, ya dafa gefen teburin don kada ya faɗi.

"Yaya Inusa, na je gida, Lantana ta ce kana nan."

"Rabe... lafiya?"

"Inna ta cika."

Direbobin suka ajiye cokula, salati ya tashi ko'ina. Inusa ya ji bakinsa na salatin, amma kunnuwansa sun toshe.

"Liman ya ce kahin magariba za a kai ta. Mata sun ɗora ruwa, kai kaɗai ake jira." Rabe ya share ido da bayan hannu. "Maganarta ta ƙarshe kenan, Yaya. Ta ce in tuna maka ka rantse. Zo mu tai ka sauko da shi."

Inusa bai motsa ba. Kalilu ya sunkuyar da kai. Na'ima ta toshe baki da mayafi.

Direban da ke gyangyaɗi ya farka a firgice saboda salatin, gwiwar hannunsa ta ture kofin ruwa. Ruwan ya malala a kan teburin, ya gangara gefe, ya shiga 'yar hanyar nan ya miƙe sambal. Ya bi ta ƙarƙashin yatsun Rabe, ya wuce baƙin tabon, ya zuba cikin bokiti.

Rabe ya bi ruwan da kallo har ƙarshe. Ya taɓa ganin ruwa ya yi irin wannan tafiyar, ranar da ya riƙe buta a kan mahaifinsa.

A hankali ya ɗaga hannunsa daga kan teburin, ya dubi jiƙaƙƙun yatsunsa, sannan ya dubi Inusa.

"Yaya... wanga katakon wa ake cin abinci bisanshi?"